Rumbun Cikin Waya

Shekarar da buhun taki ya fi ragon layya tsada, sunan Hure ya fito a cikin waɗanda za a bai wa taki kyauta. Buhu biyu ne, kamfa ɗaya, yuriya ɗaya. Wata ƙungiya ce daga birni ta zo tun da bazara, ta bi ƙauyukan da ke kewayen Makoɗa tana rubuta sunayen matan da mazansu suka rasu suka bar musu gona.

Hure matar yayana Iliyasu ce. Da ya rasu ya bar mata gona ɗaya a bayan gari, ga kuma 'yarsu Sakinatu da ta dawo gida da yara uku, tun da mijinta ya tafi kudu neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsa. Baki biyar ke nan a kan gona ɗaya. Ƙasarmu kuwa ta gaji. Gona na jingine da gona har bakin hanya, ba wanda yake da sararin barin wata ta huta ko da damina ɗaya. Gero yakan yi haƙuri da mutum, masara ba ta san wannan ba. Amma da Hure ta ji an ce taki na nan tafe, sai ta shuka masara a fiye da rabin gonar, don masara ce take fara nuna ta fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina.

Ni da ita akwai wasa, irin na ƙanin miji da matar wa. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ɗan Ikko take ce min, saboda shekara ashirin da na yi ina bin motocin shanu zuwa can. Ni kuma na ce mata tsohuwar amarya. Idan wani abu ya shige wa mutanen unguwarmu duhu, takardar asibiti ce ko sabon kuɗi, ni ake kawo wa, don an ce na ga duniya.

Wata ranar Juma'a da hantsi ina zaune gindin darbejiya ina sa wa fartanya ƙota, sai ga ta da waya a ƙulle a bakin zani. Wayar Sakinatu ce, irin mai shafawar nan, gilashinta ya tsage ta gefe. Sakinatun ta kai ƙaramin ɗanta asibiti.

"Ɗan Ikko, ajiye wannan aikin banzan ka duba min. Mutanen taki sun aiko."

"Ke da ba kya gaisuwa, da me zan duba miki?"

"In na karɓo takin na gaishe ka har ƙasa."

Na karɓa na taɓa inda ta nuna min. Wani koren kati ya cika fuskar wayar, da hoton buhu biyu, da wani zane baƙi da fari kamar saƙar tabarma. Sai muryar mace ta fito daga ciki, da Hausa tas: "Wannan katin takinki ne. Ki nuna shi ranar Laraba a Makoɗa."

Hure ta dafe ƙirji. "Ka ji ko? Har ta san ni mace ce."

Abin da ya dame ta shi ne katin yana nan a fili. Da ka kunna wayar shi za ka fara gani. Jikokinta kuwa wayar nan ita ce abin wasansu, da uwar ta juya baya sai su hau danne-danne.

"Kwana biyar fa kafin Laraba," in ji ta. "Wa yake barin abin arziki a tsakar gida kwana biyar? Ɓoye min shi."

A ƙarƙashin katin akwai ƙananan hotuna uku a jere, ba rubutu a jikinsu. Na farko kibiya. Na biyu ɗan ƙaramin gida. Na uku kuwa ina ganinsa na gane shi. Abu ne tsaye, mai faɗi ta sama, ya ɗan tsuke ta ƙasa, da layi-layi a jikinsa kamar karan da aka jera, an kifa masa murfi mai ɗan tsini a ka. Na ɗaga kai na dubi rumbun Hure da ke leƙowa ta saman danga, da jinkarsa a ka. Na sake duban wayar. Har na ji mutanen nan sun burge ni.

"Kin gani? 'Yan bokon nan sun fara hankali. Rumbu suka yi muku."

Ta sunkuyo ta ƙura ido. "Wallahi rumbu ne. Har da jinka."

Na taɓa shi. Muryar ta sake fitowa: "Za a kawar da wannan kati. An amince?"

"To da me na zo yi?" in ji Hure. "Kawar da shi mana, kafin 'yan nema su dawo."

Mu a wurinmu idan aka ce kawar da abu, a ɗauke shi ne daga idon mutane a kai shi inda zai tsira. Kawar da kwanon nan kada kaji su zubar. Kawar da wuƙar nan ga yara. Ban yi wani tunani ba. Na danna koren wurin, muryar ta ce, "An kawar." Katin ya ɓace, fuskar wayar ta yi fes.

Hure ta ƙulle abarta a bakin zani tana cewa ashe zaman Ikko bai tashi a banza ba. Da Sakinatu ta dawo da la'asar ta tambayi katin, uwar ta ce mata Ɗan Ikko ya adana shi, kada ta kuskura ta taɓa. Ita kuwa yarinya ce mai kunya, ba za ta bi bayan aikin ƙanin babanta tana bincike ba.

Ranar Laraba na ɗauki Hure a babur, na ɗaura igiya biyu a baya saboda buhuna. A filin wata makaranta ake rabon. Mata sun yi layi har bakin titi, ga buhuna an jibge a baranda an rufe da tamfol. Warin takin nan kaɗai ya isa ya sa manomi murmushi. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Ma'aikacin da ke bakin tebur, wani mai suna Khalilu, ya miƙo hannu ko kallonmu bai yi ba.

"Kati."

Na ba shi wayar. "Yana cikin rumbu. Sai ka fito da shi."

Ya ɗago. "Cikin me?"

"Rumbu. Na ƙasan nan, na uku."

Ya shafa, ya shafa, ya juya wa abokin aikinsa wayar. Abokin ya kwashe da dariya har yana riƙe tebur. Khalilu bai yi dariya ba, sai ya yi tsaki.

"Baba, wannan ba rumbu ba ne. Kwandon shara ne. Kun goge katin."

"Ba mu goge komai ba. Kawar da shi muka yi. Matar cikin wayar da bakinta ta ce an kawar."

"To ai shi ne. An kawar, an zubar, babu shi."

Hure ta matso. "Ɗana, duba sunana a takarda. Hure Iliyasu. Ni ce, ga ni a tsaye."

"Inna, na ga sunanki." Ya juyo mata da allon da ke hannunsa, kamar za ta iya karantawa. "Ga shi an ja masa jan layi. Wanda ya goge katinsa, kwamfuta tana ɗauka ya fasa ne. Bayan kwana uku sai ta ba wanda ke jira a baya. Naki tun ranar Litinin aka ba wata."

"Ya fasa?" Muryata ta tashi ban sani ba. "A wannan shekarar? Ka taɓa ganin wanda aka ba taki kyauta ya ce ya fasa?"

"Ni ba ni na tsara ba, Baba."

"To ga buhuna can a jibge."

"Kowane buhu da mai shi. In na ba ku, me zan ce wa mai katin?" Ya miƙo min wayar. "Ku ne na bakwai yau. Duk rumbu, rumbu. Ku matsa, akwai mutane."

Muka matsa. A gindin wata bishiyar maina muka tarar da biyu daga cikin bakwai ɗin, tsofaffi, suna zaune da buhunan wofi da suka zo da su don a raba musu kayan gida biyu su iya ɗauka. Ɗaya ta ce limamin garinsu ne ya danna mata.

Ni da Hure muka kama hanyar komawa. Igiyoyin nan suna ta kaɗawa a bayan babur. Da muka zo daidai gonarta ta ce in tsaya. Ta sauka ta shiga cikin masarar, wadda ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa-ɗorawa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce in tafi, za ta ƙarasa da ƙafa.

Washegari na sayar da zakaruna biyu na hau mota zuwa birni. Na san birni, na kuma san ofis: in ka tsaya a bakin ƙofa kana sallama, a nan za ka wuni. Na wuce maigadi kamar an aiko ni, na hau bene, na ce ina neman wanda ya zana abin da ke cikin wayar. Aka yi ta kallon-kallo. Can aka kira wata matashiya mai farin gilashi, aka ce sunanta Asama'u, ita ce shugabar masu zanen.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ta girmama ni. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sa aka kawo min ruwa mai sanyi. Na ba ta labari tun daga gindin darbejiya.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Amma wannan alamar duk duniya an san ta. Kowace waya, kowace kwamfuta, kwandon shara ke nan."

"Duk duniya."

"Wallahi, Baba."

"Na je Ikko, na je Fatakwal, na ga irin garwar da kike faɗa a ƙofar gidajen manya. Da a can na gan ta a bakin titi da ƙudaje a kai, zan gane ta. Amma ke a gona kika ajiye ta, kusa da buhun taki. Malama, kin taɓa zuwa ƙauyenmu?"

"Mun je Makoɗa sau biyu."

"Kin ga kwandon shara a gidan wani?"

Ta girgiza kai.

"Mu ba mu da shara. Abin da aka share bola ake kai shi, bola kuma da rani jaki ya kwashe ta zuwa gona. Tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, duk abinci ne. Kuma ko da muna da ita, wa zai yi wa shara murfi? Abin da ake so shi ake rufewa. Tukunya da murfi, randa da murfi, rumbu da jinka. Kin zana abu da murfi, kin ce in gane na zubarwa ne?"

Ta jawo littafi ta fara rubutu da sauri.

"Sannan muryar. Wa ya ce mata ta ce kawar?"

"Mun ba wani malami ya fassara mana. Da farko goge muka sa, sai aka ce goge na allo ne da tebur, tsofaffi ba za su gane ba. Kawar ta fi ladabi."

"Ta fi ladabi kam. Da ta ce za a zubar, ko za a yar, ko za ki rasa takinki, da hannuna bai kai wurin ba. Ke in uwarki ta ce ki kawar mata da goronta, bola kike kai shi?"

Ta cire gilashin ta dafe goshi. "Innalillahi. Mun gwada shi fa, Baba. Mutum arba'in muka gwada da su."

"Su wa?"

"Ɗalibai. Da ma'aikatanmu."

Ta kira abokan aikinta, samari uku, ta ce in maimaita musu. Na maimaita. Ɗaya ya buɗe hoton a babban allo, suka tsaya suna kallonsa kamar yau suka fara ganinsa. Wani ya ce, "Kai, wallahi rumbu ne!" Suka yi ta murna, har da tafawa. Suka tambaye ni me za a sa a madadinsa. Wani ya ce tsintsiya. Na ce in kun sa tsintsiya rabin gari za su ce ƙuri'a ake nema, su ƙi taɓawa, rabi kuma su danna don a san suna ciki. Suka sake fashewa da dariya. Ɗaya ya ce Baban nan ya kamata a ɗauke shi aiki.

Na bari suka gama. Sannan na ce, "To takin fa?"

Asama'u ta ce wannan ba ɓangarensu ba ne, na masu rabo ne, amma za ta yi magana. Ta fita, ta daɗe. Da ta dawo ba ta iya haɗa ido da ni ba. Rumbun ajiyarsu babu ko buhu ɗaya. Akwai zagaye na biyu in kaya sun iso, ta sa sunan Hure a sahun farko da hannunta.

"Yaushe?"

"Ba a sa rana ba tukuna."

"Masara ta sa tata ranar," na ce mata. "Kwana goma, in ya yi yawa sha biyar."

Ta buɗe jaka za ta ba ni kuɗin mota. Na karɓa. Ba ni da girman kan da zan ƙi.

Na yi abin da zan iya. Tawa bolar tun da rani ta tafi gonata, sai na bi gidaje ina kankare akurkin kaji, na haɗa da toka, na kai wa masarar Hure a buhu, gindi-gindi. Na je wurin mai sayar da taki a kasuwa in sayi ko mudu biyar, na ji farashi, na sayi biyu. Mudu biyu a gonar da ke neman buhu biyu. Hure tana kallona ina barbaɗawa, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce sannu ba. Masarar ta tsaya iya ƙugu ta yi fure a haka, siririya, rawaya. Goyon da ta yi bai fi ɗan yatsa ba. A watan da ya kamata a ce ana gasa sabuwar masara a gidan, tafasa da rama suke ci da ɗan ƙanzo. Sakinatu ta sayar da wayar.

Zagaye na biyu ya iso bayan an yanke gero. Aka aiko wa Hure a baki cewa katinta ya fito. Ba wayar da zai fito a ciki, ba kuma shukar da za a zuba wa.

Da kaka sai ga farar mota har ƙofar gidana. Asama'u ce, da ɗaya daga cikin samarin nan da na'urar ɗaukar hoto. Ta kawo min hula mai tambarin ƙungiyarsu. Ta buɗe wayarta ta nuna min sabon tsarin. An cire garwar. Wurin fasawa yanzu jan kuros ne, muryar kuma tana cewa, "Za ki rasa takinki. Kin tabbata?" har sau biyu. A gefe guda kuma ga rumbu na gaske, da jinkarsa da ƙafafunsa, in ka taɓa shi sai ya adana maka katin.

"Shawararka ce, Baba. Tun da muka sa shi ba wanda ya sake kuskure. Har daga wasu ƙasashe ana tambayarmu yadda muka yi."

Na ce madalla.

Sai ta ce suna son hoton ainihin rumbun da ya jawo gyaran, don su nuna a wani taro. Na so in ce a'a, amma ba nawa ba ne. Na kai su.

Mun tarar da Hure a tsakar gida da abin da gonar ta bayar a gabanta: damin gero shida, da ɗan tulin masara da bai cika kwando biyu ba. Asama'u ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta haƙuri, ta faɗi abin da ya kawo su. Hure ta dube ta, ta dubi mai hoton.

"Ku ɗauka. Ta waje za ku ɗauka ko ta ciki?"

"Ta waje ma ya isa, Inna."

"Ya fi kyau ta waje."

Suka ɗauka ta gaba, suka ɗauka ta gefe. Saurayin ya ce a ɗan janye dammunan nan daga gindin rumbun, suna ɓata hoton. Asama'u ta harare shi, amma ya riga ya faɗa.

Hure ta juyo wajena. Shekara talatin da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Malam Dabo," in ji ta, "ka ji abin da ya ce. Hau ka ɗaga jinkar."

Na jingina tsani na hau, na ɗaga. Ƙasan rumbun na kallona, babu komai sai kashin ɓera. Ta miƙo min damin farko da hannu biyu.

"Kawar min da su," ta ce. "Kai ka iya."